Kaset Ɗin da Anti Kubura Ta Kawo Gidanmu

Ranar Talata, tara ga watan Maris na 2010, ina tsakar gida ina tsince shinkafa, littafi a kife a cinyata, sai maƙwabciyata Zakiyya ta leƙo ta katanga ta ce, "Ikilima, kin ji Anti Kubura ta rasu?" Na tambaye ta wace Kubura, alhali na san wadda take nufi. Daga Allah muke, gare Shi muke komawa. Hajiya Kubura Kalilu, mai gabatar da shirin Mu Zauna a talabijin, ta cika a asibiti a Katsina bayan jinyar da ta daɗe tana ɓoyewa. An kawo ta gida Daura, aka yi mata sutura bayan La'asar.

Anti, ni makaranciya ce, ba marubuciya ba. Amma akwai alherin da kika yi wa gidanmu wanda ba a nuna a talabijin ba, kuma ba na son ya bi ki kabari ba a faɗe shi ba.

Kowa ya san farkonki. A unguwar da ke kusa da rijiyar Kusugu aka haife ki, kika yi koyarwa a firamare, daga nan muryarki ta kai ki rediyo kina karanta gaishe-gaishe, sannan talabijin. Da aka ba ki shiri naki na kanki, abin da kika fara yi shi ne sa a fitar da kujeru a shimfiɗa tabarma. Kin ce mutanenmu ba sa faɗin gaskiyarsu ƙafafunsu na reto. A kan tabarmar nan masu awon hatsi suka zauna, da direbobin kan iyakar Kongolam, da malaman asibiti, da zawarawa masu sana'a. Lokacin da Shari'a ta dawo aka yi ta muhawara kan fitowar mata a talabijin, ba ki yi fushi ba, ba ki kuma gudu ba. Kin gyara mayafinki, kin gayyato malamai kan tabarmar, kin bar su sun gama maganarsu kafin ki yi taki.

Sai kuma ɗabi'arki da abokan aikinki suka gaji da mita a kanta. Ba kya yarda a watsa hira sai kin ɗauki kaset ɗin da kanki kin kai gidan wanda kika yi hirar da shi, kun kalla tare. Abin da ya ce a cire, an cire ke nan, ko da shi ne mafi daɗi a shirin.

Bara kika zo gidanmu don yin hira da surukata, Inna Shatu, unguwarzomar da rabin yaran unguwarmu suka biyo ta hannunta. A lokacin gidanmu yana cikin wani hali. Maigidana Yazid shi ne ɗanta na fari, kuma Inna mutuniyar da ce, mai tsananin alkunya. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. In ya durƙusa gaishe ta, bango take kallo ta amsa. Tun daga yaye aka miƙa shi ga gwaggonsa a Baure, can ya girma. Ya san al'ada ce, kowa ya sani, amma sanin bai rage masa komai ba. Da wani abokinsa ya kira shi kasuwanci Fatakwal, sai ya fara shirin kwashe mu gaba ɗaya. Ya ce mini, "Inna tana da Misbahu da sauran ƙannena. Ni ko na tafi, ba za ta lura babu ni ba."

Ba na son barin Daura. Abin da ya fi damuna kuma shi ne ya tafi da wannan zato a zuciyarsa. A littattafan da nake karantawa, irin wannan uwa takan fashe da kuka a shafin ƙarshe ta rungume ɗanta. Kullum ina jiran wannan shafi, shi kuwa ya ƙi zuwa.

Ranar da kika zo, na kawo miki ruwa cike da ɗoki, domin tun ina 'yar makaranta nake kwaikwayon yadda kike gaisuwa a gaban madubi. Kika hango littafi a ƙarƙashin hijabina, kika tambayi labarin da ke ciki. Ban san yadda aka yi ba, na bar labarin littafi na shiga ba ki namu. Kika yi dariya kika ce, "Ke da littattafanki! Inna ba za ta rungume shi ba ko Makka zai tafi a ƙafa. Je ki duba girkinki." Na koma madafa ina jin haushin kaina. A soro kuka yi hirar ke da Inna, ban ji ko kalma ɗaya ba.

Bayan wasu makonni kika dawo da kaset. Kin rame, amma da na yi miki sannu sai kika ce azumin nafila ne. Babu wuta, aka tada janareta. Kika dubi maigidana kika ce, "Maigidan Ikilima, zo ka haɗa mana wayoyin nan, ni ban iya ba." Ke da kika tsufa a gidan talabijin! Da ya gama zai fita, kika ce, "Tsaya nan kusa, kada hoton ya ɗauke mana."

Muka kalli Inna tana bayanin wankan jego da kunun kanwa, da yadda take tura mace asibiti da zarar ta ga naƙuda ta fi ƙarfinta. Can sai muka ji kin tambaye ta, "Inna, duk jariran nan da kika wanke kin miƙa su. Akwai wanda kika miƙa hannunki ya ƙi saki?"

Inna ta sunkuyar da kai. Ke kuma, kamar yadda kika saba, ba ki gaggauta ta ba. Sannan ta ce, "Akwai ɗaya." Ba ta faɗi suna ba. Ta ce duk ranar kasuwar Baure takan fake da kai daddawa, ta zauna inda yara ke wucewa, ta hango shi daga nesa ta ga ko ya rame. Takan kwana tana daka dakuwa, ta ba wata mai rumfa ta ce in yaron ya zo wucewa ta ba shi, kada ta ce daga ina.

Na san labarin matar nan. Maigidana ya sha ba ni labarin Iya mai dakuwa da ke ba shi kyauta duk ranar kasuwa, yana cewa ita kaɗai ta san da shi a garin.

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. "Hajiya, a cire wannan. Kin kunyata ni a gaban yara."

Kika ce, "An cire, Inna. Ba mai ganinsa a talabijin."

Maigidana ya miƙe ya ce bari ya duba janareta. Lafiyar janareta ƙalau, muna jin ƙararsa, amma ya daɗe a wurin.

Kin cika alkawari. Da aka nuna shirin babu wannan wuri a ciki. Maganar Fatakwal kuma ban sake jin ta ba. Ba wanda ya rungumi wani. Har gobe bango Inna take kallo in ya gaishe ta. Sai dai yanzu gaisuwar tasa tana tsawo, kuma wani lokaci takan miƙo mini ƙullin dakuwa ta ce, "Kai wa mutumin ɗakinki." Ban taɓa karanta ƙarshe irin wannan ba, kuma ya ishe ni.

Abu ɗaya ya ci gaba da damuna: ina tsoron ko Inna tana jin an yi mata dabara, kuma ni ce sila. Ranar sadakar uku, muna dawowa daga gidanku a ƙafa, na daure na ce, "Inna, ki yafe wa Anti abin kaset ɗin nan."

Ta ce, "Me ta yi mini? Duk Daura an san tana kawo kaset gida. Kuma wa ke haɗa waya a gidan nan in ba shi ba?"

Ashe ku biyu kun fahimci juna tun a soro, Anti. Ni ce kawai nake jiran shafin ƙarshe.

Ya Allah Ka jiƙan baiwarKa Kubura, Ka yafe mata kurakuranta, Ka sa jinyar da ta yi ta zama kaffara. Yadda ta rufa asirin bayinKa a duniya, Ka rufa nata ranar tsayuwa. Ka yalwata kabarinta, Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarta. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanta Alhaji Maliki, da 'ya'yanta Nasrullahi da Maimunatu, da abokan aikinta, da duk wanda ya taɓa zama a kan tabarmarta. Inna ma ta ce a gaishe ku, a yi muku ta'aziyya. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.

Ikilima Badaru, Daura