Hoton Mai Lambu da Na Sa Aka Goge

Shekara goma sha ɗaya na yi ina tuƙi a wani gida a Nassarawa GRA. Mai lambun gidan wani dattijo ne, Kirista, mutumin Zariya. Kullum da azahar idan na idar da salla sai in tarar ya shimfiɗa mana buhu a gindin mangwaro, mu ci abinci kwano ɗaya.

Lokacin 'yata ta fari tana karatun aikin jarida a jami'a. Malaminsu ya ce kowa ya buɗe shafi a intanet, bulog suke ce masa, ya riƙa rubuta labari duk mako ana ba shi maki. Wata Asabar ta zo da kyamarar aro, ta zauna tana yi wa dattijon tambayoyi.

"Kawu, da aka kawo Shari'a ba ka ji tsoro ba?"

"Na ji mana," in ji shi. "Amma babanki ya fi ni jin tsoro, shi da ba abin da ya shafe shi."

Suka yi ta dariya. Ta ɗauke mu hoto, hannuwanmu cikin kwano, ta je ta sa shi da labarin a shafinta.

Ni iyakata firamare. Na ɗauka abin kamar littafin aikin gida ne, malami ya duba ya mayar. Sai da dattijon ya gaya mini cikin murna cewa ɗansa ya gani a Zariya, sannan na gane kowa na iya karantawa. Ga zaɓe ya matso, gari ya fara zafi. Fuskar dattijon na ciki, unguwar na ciki, addininsa na ciki. Kwana uku abinci bai yi mini daɗi ba. Idan wani abu ya same shi, ta hannun 'yata ne, ni kuma na kawo ta.

Na same ta a gida, a unguwarmu ta Gama.

"Ki cire shi."

"Baba, shi ne aikina mafi kyau. Malam har a aji ya karanta."

"Na ce ki cire. Har hoton, kada ya saura ko'ina."

Ta tafi shagon intanet ta goge. Na cikin kyamarar ma ta goge kafin ta mayar.

Da na gaya wa dattijon, bai yi faɗa ba. Ya ci gaba da yankan shinge, can ya ce, "Malam, ai da ka tambaye ni. Ban taɓa shiga jarida ba."

Zaɓe ya wuce, ba wanda ya zo nemansa. Ciwon ƙafa ne ya mayar da shi gida, bayan damina biyu ya rasu.

Ɗansa ya zo har bakin get. Ya ce suna son hoton nan na gindin mangwaro su sa a takardar jana'iza, don shi kaɗai ne wanda mahaifinsu ke dariya a ciki.

Na kira 'yata a waya a gabansa, ko da yake na san amsar.

"Baba, ka ce kada ya saura ko'ina," ta ce.

Na ba shi ruwa ya sha, na raka shi titi ya hau mota.