Kwandon Maganin Alhazai

A gidanmu na unguwar Hindawiyya, kusa da Harami, in an gama aikin Hajji, 'yan uwan da suka sauka wurinmu sukan bar abin da jaka ta ƙi ɗauka: silifa, lema, ragowar magani. Mahaifiyarmu takan tara maganin a kwando. Na sha cewa kwandon nan zai ishi asibiti guda, har a aika wa Jidda saura.

Ɗiyar ƙanwata da ciwo aka haife ta, sistik faiburosis in ji likitoci. Majina mai kauri ke toshe mata ƙirji, an kuma daɗe da gaya mana hantarta ba ta da ƙwari. In ta yi tari nakan ce tattabarun Harami sun watse. Sai ta ce, "Kawu, minsharinka fa? Har Mina ake ji."

Tana da shekara ashirin murar alhazai ta kama ta, ga zazzaɓi, ga ciwon ƙirji. Uwarta ta ba ta farar ƙwaya. Kakarta ta jiƙa mata wani gari mai rubutun Turkanci. Maƙwabciyarmu ta zaro wani jan magani daga kwandon, wai wata Hajiya 'yar Maraɗi ce ta bari, ba ya ƙarya. Yarinyar kuwa ba ta mayar da hannun babba. Aka yi kwanaki a haka.

Da ta fara amai, idanunta suka yi rawaya, na sa ta a tasina sai asibiti. Likita ya baje fakitocin magungunan da ta sha a tebur.

"Duk farasitamol ne a ciki," ya ce. "Launi ne kawai ya bambanta. Ya yi wa hantarta yawa."

Suka ɗaura mata ruwa. Ya ce in hantar ba ta farfaɗo ba, sai an yi mata dashen wata.

Na ce, "Likita, yanki tawa. Tumbin nan hanta ce zalla, za ta ishi unguwa."

Aka auna ni. Kitse ya lulluɓe hantata, ba za ta yi ba.

Na shiga wurin yarinyar na ce, "An ce tawa sai dai a yi tsire da ita." Ba ta yi dariya ba. Ta kama hannun rigata.

"Kawu, kada ka gaya wa Kaka har da garin da ta jiƙa min."

Na fito. Mahaifiyarmu tana kan benci da carbi. Ta ɗago ta ce, "Sun ba ta wani abu na zazzaɓin kuwa?"

Na zauna kusa da ita.