Tofin da Yaya ya hana Inna

A gidanmu na Yashe, Yaya ne mai tofi. Shi ne babbanmu, shi ya sauke Alƙur'ani, ni kuwa aka tura ni boko. Idan yaro ya yi zazzaɓi ko kan wani ya sara, Yaya zai karanta addu'a ya tofa a tafinsa ya shafa, ko ya tofa a ruwa a sha. Inna ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne, sai dai ta ce, "Ku kira mani yayanku."

Ina aiki a sakatariya a Kankiya lokacin da ya zo wurina wata ranar kasuwa, ya rufe bakinsa da gefen rawani. Ƙuraje ne masu ruwa a leɓensa, irin waɗanda muke cewa zazzaɓi ne ke fita. Amma nasa sun ƙi tafiya, suna warkewa suna dawowa, ga rama. Na raka shi asibiti. Ma'aikaciyar ta duba, ta ce a gwada jini. Da sakamako ya fito, Yaya ya ce in shigo mu ji tare: yana ɗauke da ƙanjamau. Ban tambaye shi inda ya samo ba, har yau kuma ban sani ba.

Ma'aikaciyar ta yi bayani a natse. Ta ce akwai magani, mutane na daɗewa da shi lafiya. Ta ce cutar ba ta bin miyau, ba ta bin kwano ko gaisuwa. Ƙurajen leɓen kuwa wata ƙwayar ce daban, ita ana iya ɗauka idan aka taɓa su suna ɗanye. Ina jin wannan na ƙarshen kaɗai ya zauna masa. A hanya ya sa na yi alkawari ba zan gaya wa Inna ba.

Bayan kaka Inna ta kwanta. Ciwon tsufa ne, ƙafafu suka kumbura, numfashi na wahala. Na je gida ranar Juma'a, na same ta tana jira.

"Ɗan boko, kai dai ba ka iya komai ba sai allura," ta ce da ni. "Kira mani yayanka shi yi mani tofi."

Na same shi a zaure. Leɓensa ya warke sarai, yana shan magani.

"Yaya, Inna na kira."

"Na ji. Ba ni iyawa."

"Ai an ce cutar ba ta bin miyau."

"An ce. Kai da ka yi jami'a, ka tabbata?"

Na ce iyakar abin da na karanta ke nan, kuma ban taɓa jin wanda ya kamu ta haka ba.

"Ba ka taɓa ji ba," ya ce. "To ba a kan uwata za a fara ji ba."

Na sake gwadawa, na ce na tabbata. Wataƙila muryata ba ta yi kama da ta mai tabbaci ba, ko kuwa ba abin da wani zai faɗa ya shige shi, ban sani ba. Ya tashi ya tsaya a bakin ƙofar ɗakinta, ya karanta addu'ar da ƙarfi, tafinsa a kan bakinsa. Inna ta miƙo hannu. Ya ce yana da mura, ya juya.

Haka aka yi ta yi. Shi ke sayo magani daga Kusada, shi ke faskara itace, amma bai ƙetare dokin ƙofar ba. Aka kira wani malamin unguwa ya yi tofi a ruwa, ta ƙi sha.

Zuwana na ƙarshe tana da rai, ta sa na matso kusa. Ba ta yi mani tsiya ba ranar.

"Kai da shi kuna magana," ta ce. "Mi na yi mashi?"

Na ce ba ta yi masa komai ba. Ta daɗe tana dubana.

"To ka ce mashi in na yi, shi yafe mani."

Na fita na isar da saƙon. Yaya ya zauna a ƙasa ya kifa kansa a gwiwa. Na roƙe shi ya bar ni in gaya mata gaskiya. Ya ce in bari ta ɗan ji sauƙi tukuna, kar labarin ya ƙarasa ta.

Ta rasu ranar Talata da hantsi, ina ofis a Kankiya.