Shekarar da Malam Ya Ari Idona

Mijina marubuci ne. Kakanninsa daga Barno suka zo Haɗeja da alƙalaminsu, shi ma da alƙalamin yake ci da mu. Mutum zai kawo masa littafin aro, ya zauna a zaure ya kwafe masa shi tsaf. Ni kuwa 'yar masunta ce, karatuna bai wuce na sallah ba. In na leƙa aikinsa sai ya ce, "Ke dai tsaya kan kifinki."

A shekarar da kogi ya cika har ya taɓo ganuwar gari, yanar ido ta soma rufe masa gani. Bai faɗa wa kowa ba. Ni na lura da kaina, don ya dawo da aikin cikin gida, yana jan buzunsa duk inda rana ta koma kamar ƙadangare. A lokacin yana kwafar littafin fiƙihu na wani falke, wanda ya kawo masa farar takardar aikin, ya ce zai zo ya karɓa in ruwa ya janye. Idan aikin ya ɓaci, gari zai san Malam ya makance, ba kuma wanda zai sake ba shi rubutu.

Wata rana da hantsi ya kira ni. "Zo ki ara mini idonki."

Ya ɗora yatsa a ƙarshen wata kalma. "Wannan ha kuri ce ko ta kuri?"

Na ce, "Malam, tambaya ce ko zagi?"

Ya yi dariya, ya bayyana mini. Haruffa biyu ne, duka a naɗe kamar zobe. Mai ɗigo biyu a ka wutsiyar kalma ce kawai. Wadda ba ɗigo ita ke cewa abin na wani ne. Ya ce, "Gona da gonarsa ai ba ɗaya ba ne a gaban alƙali." Yawanci ma'ana kan nuna masa, amma inda ya yi shakka sai an duba, kuma ɗigon da yake sawa da hannunsa ba ya ganin inda ya sauka. Aikina ke nan: in ce akwai, ko in ce babu.

Da farko har da taƙama nake yi. Na ce masa yau 'yar masunta ke duba wa malami karatu. Amma littafin aron tsoho ne, ya sha damina a hannun mutane, ga kashin ƙuda ko'ina. Ruwa na soma ja baya kuma aka shiga bandar kifi a unguwa, ƙudaje suka sauko mana, suna bin ɗanyen rubutunsa ma. Sai ya tambaye ni, in ga ɗigo uku, ko ɗaya a karkace. Ran nan na kai farce zan kankare in gani, ya daka mini tsawa. Na mayar masa, na ce ni ban yi karatun ƙuda ba. Na koma madafa na yi kukana, don na san ba da ni yake fushi ba.

Ba abin da ban nemo ba. Kwalli, zuma, ruwan wani ganye da innata ta aiko daga fadama. Idon ya ci gaba da fari.

Daga baya maganar ɗigo ma ta wuce. Layukansa suka fara hawa kan juna. Wannan ba sai mai karatu ba, ni ma na gani. Na faɗa masa. Ya ce, "Ke me kika sani?" Sannan ya ce, "Sosai?" Na ce sosai. Bai ajiye alƙalamin ba. Ni kuma da na iya rubutu ko na layi ɗaya ne, da na karɓe shi.

Hanya ta bushe, falken ya zo. Na laɓe a bayan zana ina leƙen zaure. Ya buɗe takardun farko yana gyaɗa kai. Da ya kai na baya sai ya dakata. Ya ɗago ya dubi Malam, ya gitta tafinsa a hankali ta gaban fuskarsa. Malam bai ƙifta ba. Falken mutumin kirki ne, sai ya ɗaga murya yana yabon rubutun, yana sa albarka, ya naɗe kayansa ya fita.

Malam ya shigo yana dafa bango, fuskarsa a sake.

"Kin ji yadda ya yaba?"

"Na ji, Malam."

"Can baya ya ce akwai wani littafin da zan yi masa da ragowar farar takardar. Duba mini zaure, a ina ya ajiye ta?"

Na je na duba, ko da yake a gaban idona ya sa ta cikin jakarsa. Na daɗe a tsaye a zauren kafin na dawo.

"Ya tafi da ita, Malam."