Baba Iliya Mai Ƙarfen Majami'a

Kowace rana bayan la'asar, in ka bi ta bayan kasuwar albasa a Madawa, za ka tarar da wani tsoho tsaye gindin dogon yaro, guduma a hannu, ya ƙura wa ƙofar masallacin unguwa ido. Baba Iliya ke nan. A reshen itacen an rataye wani tsohon ƙarfen tayar babbar mota, shi ne ƙararrawar ƙaramar majami'armu. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana buga shi sau bakwai don kiran mu addu'ar yamma, da safiyar Lahadi kuma don sujada. Kafin nan ya share fili, ya yayyafa ruwa, ya gyara bencina, ya kori awakin maƙwabta da suka ɗauki inuwar majami'a gadon ubansu.

Ba wanda ya naɗa shi, ba wanda ya taɓa kiran sunansa a gaban jama'a. Mu dai mun saba da shi yadda aka saba da randar tsakar gida.

Yana da wata ƙa'ida da ya kafa wa kansa: ba ya taɓa ƙarfen nan sai masallaci ya sallame. Tsakaninmu da masallacin taku arba'in ne kacal. Da can yakan saurari sallamar liman. Da kunnuwansa suka fara yi masa gardama, abin da har gobe bai yarda ba, cewa yake mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki, sai ya koma kallon takalma. In ya ga masallata sun fito suna neman takalmansu, ya san an gama.

Kai ne, Iliya, ka ɗauki Inna Cima a amalanke zuwa asibiti ran da maciji ya sare ta. Kai ne ka bi fasto a ƙafa har Babankatami, kana ɗauke da littattafan waƙa a ka, lokacin da babur ya mutu a hanya. Ran da iska ta yaye rufin majami'a, kafin dattawa su gama shawara har ka hau sama da ƙusoshi a baki. Duk wannan a idon mutane aka yi.

Wajen goma ga Disambar da ta wuce ne abin ya faru. Wasu fataken albasa da ke saurin kama hanya suka yi sallarsu tun kafin jam'i, suka fito suna sa takalma. Baba Iliya ya gani, ya ɗaga guduma. Sau bakwai cif ya buga, alhali liman bai ko gama raka'ar farko ba. Da ya ga sauran takalma jibge a ƙofa, sai ya gane masallaci bai sallame ba. Ba wanda ya zo ya yi ƙorafi, amma shi kunya ta hana shi sakat. Ya kai wa Fasto Isaka gudumar, ya ce ya tsufa, a nemi mai kunne.

Mako uku ƙarfen na rataye shiru. Fasto ya yi lallashi har ya gaji. Addu'ar yamma ta watse, wasu su zo da wuri, wasu su zo ana tashi. Matarsa Mariyatu ta ce ko tuwo ba ya ci sosai, sai dai ya zauna a zaure yana kallon hannunsa. Gaskiya mun ji tsoron kada baƙin cikin nan ya kwantar da shi.

Safiyar ɗaya ga Janairu muka taru sujadar sabuwar shekara. Kamar kullum, fasto ya bi shekarar da ta wuce daki-daki: mutum huɗu da aka yi wa baftisma, zumuntar mata da ta yi jinyar marasa lafiya, mawaƙa da sabuwar gangarsu, 'yan'uwa biyu da muka binne. Ya tambaye mu wace hidima kowa zai ɗauka bana. Yana cikin haka sai muka ji sallama. Malam Alƙasim ne, ladanin masallacin, tsaye a bakin ƙofa, har ya cire takalmansa.

"Fasto, a yi mini gahwara," in ji shi. "Barka da shekara na zaka yi muku, da tambaya guda. Mi ya samu ƙarhen Iliya? Mako ukku ba mu jiya ba."

Fasto ya faɗa masa dalili. Malam Alƙasim ya girgiza kai.

"Shekara talatin mutumen ga na jiranmu, ko sannu ba mu taɓa ce mishi ba. Rana guda ya kuskure sai shi aje guduma? Matanmu da ƙarhen nan suka ɗora tukunya. Daga yau in munka sallame, ni ka hitowa in ɗaga mishi hula. Shi bar kallon takalman baƙi."

Baba Iliya kaɗai bai san abin da ake ciki ba, sai da Mariyatu ta kwarara masa maganar a kunne. Ya miƙe a hankali, ya dubi ladan, ya ce da ƙarfi kamar mai kira daga gona: "To ka sa hwarar hular, Alƙasim, idon ma ya hwara!"

Muka tuntsire da dariya, da yawanmu muna share hawaye. Na ga fasto ya sunkuyar da kai. Daga baya ya ce mana ya lissafa hidimomin shekara kaf, ya manta da wadda ta tara mu.

Mun gode, Baba Iliya, mai jiran maƙwabci. Mun makara da godiyar nan, ka yafe mana. Ku kuma da ke neman hidimar da za ku ɗauka bana, ba sai kun hau mumbari ba. Ku je gindin dogon yaro ku ga yadda ake yi.

Da la'asar ɗin ranar na je na tsaya. Masallata suka fara fitowa, tsohon bai ko dubi takalmansu ba. Can sai ga Malam Alƙasim a ƙofa, ya ɗaga farar hularsa sama. Baba Iliya ya gyara tsayuwa, ya buga sau bakwai.