Yadda Na Jera Fotugis Daga Tsafe Zuwa Bungudu

Aji uku na yi a firamare, na ukun ma rabinsa a bisa katangar makaranta na yi shi ina kallon motoci. To ni ɗin nan ne, bayan furfura ta gama da gemuna, na tashi koyon Fotugis. 'Yan majalisarmu ta bakin tasha a Gusau sun yi dariya har ɗayansu ya ƙware da shayi. Ban hana su ba, har yau kuma ba ni da niyyar hana su.

Ɗana na biyu ne ya tafi Mozambik cinikin duwatsu masu daraja, ya zauna, ya auri 'yar can, Allah ya ba su 'ya mace. Yarinya ta tashi da Fotugis, yaren can, ba ta jin Hausa sai "sannu" da "na gode". Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci uban yakan kira ni ta waya mai hoto, ya zaunar da ita kusa da shi, ni in yi magana shi ya fassara.

Kowa ya san abin da ke tsakanin kaka da jika. Ni kakana bai taɓa ce mini sannu ba. Yana hango ni zai ce ga ɓarawon gyaɗa ya iso, ni kuma in ce masa tsoho mai ciki kamar rumbu. Jikokina na nan gida haka muke da su. Amma wannan ta waje, sai in zage in zuba mata tsiya, in ce ta sace mini goro, ta cinye tuwon gidan ta bar uwarta da ƙanzo, uban ya fassara mata da kalma biyu kacal. Ita kuma ta sunkuyar da kai ta amsa kamar tana gaban alƙali.

Ranar nan na ce masa, "Kai, mi ka ce mata?"

"Na ce kana sa mata albarka, Baba."

"Ni ɓarauniya na ce."

"Baba, nan ba su san wanga wasa ba. Uwarta za ta ji ba daɗi."

"To da uwarta nake, ko da ita?"

Ya yi 'yar dariyarsa ta mutanen da suka ga teku. Nan na gane in na bar shi a tsakaninmu, zan mutu yarinyar nan tana ɗaukata wani limami ne da ke zaune cikin waya. Na ce ya riƙa turo mini kalmomin da ake aiki da su, ci da sha da gudu da sata. Ya ce sunansu aikatau. Na ce ko sunansu mene ne ya turo. Ya turo sau ɗaya, daga nan kullum yana kan hanya.

Matar tasa ce ta karɓi aikin, wadda aka ce za ta ji ba daɗi. Ba na jin bakinta, ba ta jin nawa, sai ta riƙa ɗaukar kanta a waya. Ta kai loma baki ta ce komer. Ta kurɓi ruwa ta ce beber. Ta lallaɓa ta zare mangwaro daga kwano tana waige-waige, ta ce robar. A majalisa aka ce wane irin suruki ne wannan, ya tasa hoton matar ɗansa yana kallo tana cin abinci. Na ce irin wanda ba ku taɓa gani ba.

Sai dai kaina ya ƙi riƙewa. Abin da na haddace da hantsi, kafin la'asar ya zube. Mai ɗakina ta ce in sa a rubuta mini a takarda. Na ce ita ta san ni da takarda? Shekarun da na yi ina kwandasta tsakanin Tsafe da Gusau da Bungudu, ban taɓa rubuta wanda zai sauka a wuri kaza ba. Mutum yana shiga mota nake ɗaukarsa a raina in dasa shi a inda zai sauka: mai jar hula ga shi can tsaye a mararrabar 'Yandoto, tsohuwa mai kaza ga ta gindin durumi. Muna isa sai in gan su suna jirana. Ina cikin ba ta wannan labari ne na ce, to me zai hana?

Sai na loda kalmomin a mota. Komer na sauke ta a tashar Tsafe, gaban mai tsire, na cika mata baki har mai yana bin haɓarta. Beber tana gaba kaɗan, wurin masu fura, ta kafa kai a ƙwarya ba ta ko numfashi. Dormir, wato barci, na shimfiɗe ta a tsakiyar titi kusa da 'Yandoto tana minshari, manyan motoci suna kauce mata. Robar kuwa na ɗora ta a kan dutsen Kwatarkwashi, ta saɓa akuyar mutane tana haki. Haka na yi ta sauke su har cikin Gusau, da wuri ya ƙare na wuce da sauran hanyar Bungudu. Yanzu ba kowace rana ake son bin hanyar nan ba, kowa ya san dalili. Ta cikin kaina kuwa ba wanda ya isa ya tare ta.

Suka zauna daram. Abin da ban lura da shi ba, ni ban iya faɗawa tsakiyar hanya ba. Motata daga tashar Tsafe take tashi, kamar yadda ta saba. In ina neman kalmar da ke Bungudu, dole in bi ta gaban mai tsire da masu fura, in kauce wa mai barci, in ratsa Gusau da cunkosonta.

Juma'ar farko da na gwada, yarinya ta gaishe ni, na buɗe baki, sai ga ni a Tsafe. Na yi shiru ina tuƙi, idona a sama. Ɗana ya ce, "Baba ya daskare, sabis ne," ya kashe wayar. Ina Kwatarkwashi ke nan.

Da labari ya kai majalisa, sai ya zama abin gaisuwa. "Direba, yau ina aka kwana?" Wani ya ce, "Ku bar shi, faci yake yi." Mai shayi ya ce in mayar da kalmar satar tashar Tsafe mana, in huta. Na ce ba inda za ta. Fasinjan da ya sauka ba a mayar da shi mota, in na fara taɓa su duka za su watse.

Abin da na yi shi ne, na riƙa tayar da mota tun kafin a kira. Surukata ta riga ta nuna mini yadda kalmar ke sauya wutsiya in da mutum kake kai tsaye, robar ta koma robashti. Ranar da na shirya, liman yana sallamewa na bar Tsafe. A hanyar gida mutane suna gaishe ni ina ɗaga musu hannu kawai, har wani maƙwabcina ya je yana cewa girman kai ya kama ni. Na iso gindin dutsen Kwatarkwashi na faka, na zauna a zaure da goro a hannu, bakina a rufe. Mai ɗakina ta tambaye ni ko a kawo abinci, na harare ta.

Waya ta yi ƙara. Ban bari uban ya gama sallama ba. Na ɗaga goron, na nuna yarinyar da yatsa, na ce, "Tu robashti goro."

Ta zaro ido. Ta dubi uwarta, uwar ta toshe baki da gefen mayafi. Sai yarinya ta matso har hancinta ya cika wayar, ta ce, "Vovo menti."

Vovo na san shi, haka take kirana, wato kaka. Ɗayar kalmar ce na san na taɓa ɗauka, ban dai tuna inda na sauke ta ba. Uban ya fara yi mata faɗa cikin yarensu, ya juyo zai ba ni haƙuri.

"Baba, abin da take nufi..."

"Rufe mini baki, ina kan hanya. Kuma kada ka kashe."

Na ja mota daga Kwatarkwashi. Na shiga Gusau, ba ta nan. Na fita ta hanyar Sakkwato ina duba hagu da dama, su kuma suna can sun zuba mini ido. Sai a shigar Bungudu na same ta, zaune a garejin bakaniken nan da kullum yake rantsuwa gobe mota za ta tashi. Mentir. Ƙarya.

Maƙaryaci ta ce mini. 'Yar wannan abu, a gaban uwarta da ubanta.

Na yi dariya har hulata ta faɗi. Uban yana ta cewa ta ba Baba haƙuri. Na ce masa, "Wa ya sa da kai? Tashi ka ba mu wuri. Ni da ita ne, kuma ban gama da ita ba, akwai maganar tuwo."

Na juya mota na nufi Tsafe, gaban mai tsire, inda na sauke komer.