Yayana da Tseren Rairayi

Yayana direban tseren mota ne. A unguwar Tandabawi ta Makka aka haife mu, kuma tun muna yara kowa ya san ba ya yarda a wuce shi. Ko a hanyar masallaci wani ya sha gabansa, sai ya ƙara sauri har ya koma gudu.

Da ya girma, wani attajiri ya ɗauke shi yana tuƙa masa mota a tseren rairayi da ake yi a bayan gari, ta hanyar Jidda. Ya iya tuƙi, wannan babu gardama. Shekara uku yana kawo kofi gida. Amma duk ranar da ya zo na biyu, ba mai iya kai masa abinci sai Umma.

Ranar da abin ya faru ina rumfar 'yan kallo tare da mijina, bayan la'asar. Wani sabon direba, mutum mai sanyin hali, ya wuce Yaya a wata kwana. Na ga motar Yaya ta bi shi, na ga ta doki bayan tasa. Motar mutumin ta yi ta juyawa a kan rairayi, sannan ta tsaya tayoyi a sama.

Mutumin bai mutu ba, amma ƙashin bayansa ya karye. A bakin asibiti na tare Yaya.

"Yaya, da gangan ka yi?"

"Wuce ni ya yi," ya ce.

"Shi ke nan?"

"Halas, ya wuce, ki bar maganar."

Dangin mutumin sun yafe a gaban hukuma, amma an hana Yaya tsere har abada. Ya koma jan bas ɗin alhazai a unguwar Aziziyya, yana faɗa da kowane direba a kan hanya. Matarsa ta gaji ta tafi. A unguwa aka daina kiransa gwani, sai dai a ce wanda ya karya mutum.

Bara hawan jini ya kashe shi. A zaman makoki, sai ga mutumin nan a keken guragu, matarsa tana tura shi. Gidanmu a hawa na uku yake, keken ba zai hau ba, don haka na sauko.

"Hajiya, Allah ya jiƙansa," ya ce. "Ban taɓa ganin hannu irin nasa a kan sitiyari ba."

Matar ta juya keken, suka bi layi a hankali.